Taswirar Burtali a Bangon Aji

Akwai wata Asabar da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na tsaya a gaban dattawan ƙauye guda da laftof a hannuna, gumi yana bin bayana, bangon da kowa ya zuba wa ido kuwa fari fat. Lokacin ina aiki a shagon Oga Danjuma, mai gyaran kwamfuta a Kafanchan. Na riga na gama koyo, ni ne babban ma'aikacinsa, duk aikin da ya shafi manhaja ta hannuna yake bi.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ba ku cika haɗuwa da irin injin da zan faɗa ba, don haka bari in yi bayani. Akwai tsofaffin laftof, yawancinsu 'yan gwanjo, masu katin hoto biyu, wato 'yar na'urar da ke fitar da hoto a allo. Ƙaramin shi ke ɗaukar aikin yau da kullum don batir ya daɗe. Babban ba ya tashi sai an buɗe aiki mai nauyi. Abin da ke sa su miƙa wa juna aiki shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi hulɗa da katin. Da zarar kwamfutar ta sabunta kanta, sai ta kwaso wani sabon direba da bai san wannan tsari ba. Daga nan allo ya riƙa ɗaukewa, fanka ta riƙa ihu, inji ya ɗauki zafi.

Gyaran iri biyu ne. Na sosai shi ne ka goge direbobin duka, ka nemo tsofaffin na kamfanin da ya ƙera injin, ka sa na ƙaramin kati kafin na babban, sannan ka hana kwamfutar sake canza su. Wannan yakan ci maka rabin yini. Na gaggawa kuwa, ka shiga bayos, wato saitin da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, ka kashe babban katin. Nan take allo zai daidaita. Duk layinmu haka ake yi, Oga ma haka ya koya mini, kuma ba a taɓa dawo mana da ƙorafi ba.

A tsakiyar makon waccan Asabar ɗin wata dattijuwa ta shigo, Madam Saratu, tsohuwar ma'aikaciyar awon filaye da ta yi ritaya. Ta ajiye laftof ɗinta a kan tebur ta ce, "Ɗana, wannan abu yana mutuwa yana tashi, kuma ina da aiki da shi ranar Asabar."

Ina kunnawa na gane ciwon. Na leƙa wurin Oga, ya ce, "Kashe babban, Bulus. Aiki ya yi mana yawa." Na kashe. Allo ya tsaya cak, fanka ta yi shiru. Madam ta buɗe takardunta ta gani, ta yi mini addu'a, ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi wayar Oga ta yi ƙara. Na ga ya miƙe tsaye yana sauraro. Da ya ajiye, sai ya ce, "Ɗauki filash ɗinka na direbobi. Madam tana wani ƙauye bayan Zonkwa, majigi ya ƙi nuna komai."

Tun a cikin bas na tuna wani abu da na taɓa karantawa ban ɗauke shi da muhimmanci ba. A wasu daga cikin injinan nan, ramin da ake soka wayar majigi ba ya bi ta ƙaramin kati. Kai tsaye yake haɗe da babban. Ka kashe babban, ka kashe ramin.

Daga Zonkwa na hau acaɓa. Aka sauke ni a wata makarantar firamare, na tarar da aji cike. Manoma a gefe guda tare da dagaci da fasto, Fulani makiyaya a ɗaya gefen tare da ardonsu. A bakin ƙofa Madam ta tare ni ta faɗa mini abin da ke ƙasa. Daminar da ta wuce shanu sun shiga gonakin citta da masara, an kusa zubar da jini. Makiyaya suna cewa an cinye burtali da noma, manoma suna cewa burtalin bai taɓa kai faɗin da ake faɗa ba. Da ƙyar ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Ta bi hanyar da ƙafa tare da wakilansu, ta auna, ta zana taswira a kwamfuta. An aro majigi daga coci don kowa ya gani a bango lokaci guda, kada wani ya ce an nuna wa wani abin da ba a nuna masa ba.

"Tun safe suke zaune," in ji ta. "Na ce su zo su duba a allon laftof, sun ƙi. Kuma suna da gaskiya."

Ina shiga, wani matashi daga cikin manoma ya ɗaga murya. "Dama mun sani. An ga taswira ba ta yi wa wasu daɗi ba, shi ya sa inji ya lalace."

Daga ɗaya gefen wani ya mayar masa, "Mu ma abin da muke tunani ke nan. Majigin na wane ne?"

Aji ya ɗauki hayaniya. Madam ta tsaya a tsakiya, matar da ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa zarginta da cin amana ba, ga shi ana kallonta kamar mai ɓoye wani abu. Ban san lokacin da na rusuna a gaban dagaci ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba Ardo, iyayena, ku ba ni izini. Taswira tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Majigi ma lafiyarsa lau. A shagonmu aka gyara injin nan, ni na gyara, kuma gyaran ne ya toshe hanyar da hoto ke fita. Ku yi mini haƙuri in buɗe ta."

Ardo ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaro, zai kai azahar?"

Na ce, "Zai iya wucewa, Baba."

Ya ce, "Shanu ba su sha ruwa ba."

Na zauna a kan bencin 'yan makaranta, gwiwoyina suna taɓa tebur, na fara aikin da ya kamata a yi tun a shago. Na tayar da babban katin, allo ya koma ɗaukewa a gaban kowa, wani ya yi tsaki. Na goge direbobin. Na sa na ƙaramin, na kashe na kunna. Na sa na babban, ya tsaya a rabi ya ƙi ci gaba, sai da na sake daga farko da wani tsohon da na tono a filash. Duk wannan lokacin janareta yana ta shan man da mutanen ƙauye suka haɗa aka saya, ni kuma ina jin takun masu fita. Matasan makiyaya suka tafi wurin shanu. Wasu manoma suka ce akwai jana'iza a ƙauyen gaba. Ban iya ɗaga kai ba. Fasto ya ajiye mini ruwa a gefe, na kasa sha.

Bayan Fulanin da suka rage sun dawo daga sallar azahar ne na soka wayar majigi, bango ya yi shuɗi, sai ga taswira. Rafi, gonaki, da jan layin burtali yana ratsawa. Dagaci ya tashi ya matsa kusa. Ardo ma ya tashi, ya nuna wani wuri da sandarsa, ya ce a nan mahaifinsa ke tsallaka rafi. Dagaci ya ce haka ne, ya tuna. Amma benci fiye da rabi babu kowa, kuma waɗanda suka fi zafi a maganar su ne suka tafi. Aka ce ba za a yanke komai a bayan idonsu ba, a bari sai bayan girbi. Wato wata damina guda za a sake yi ba a daidaita ba.

Madam ta rage mini hanya a motar da ta ɗauko. Muka kama hanya har muka wuce Zonkwa. Na ce, "Mama, ki gafarce ni."

Ta ce, "Ubangiji ya riga ya gafarta, ɗana. Amma na ce maka ina da aiki ranar Asabar. Ba ka tambaye ni wane aiki ba."

Da na koma shago na ba Oga labari, sai ya zauna ya riƙe kai. Daga baya ya ce in duba duk injinan da muka yi wa wannan gyara, in kira masu su. Taron kuwa an sake yinsa bayan girbi, na ji an kafa duwatsun iyaka, amma ban je ba. Na daɗe ba na son bin hanyar nan.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu allo ya kawo haske ba shi ne gyara ba. Mutum ba inji yake kawo maka ba, aikinsa yake kawowa, kuma sau da yawa akwai jama'a a bayan aikin da ba za ka taɓa gani daga kan teburinka ba. Shi ya sa a shagona ba a buɗe laftof sai an tambayi mai shi me yake yi da shi, ba a kuma miƙa masa sai an gwada kowane rami da ke jikinsa. Idan kuka ji ina matsa muku a kan wannan har kuna gunaguni, ku yi gunaguninku, amma ku tambaya.