Wuƙar Nomau

Ƙarar murfin adaka ce ta fara komai. Wani ɗan kuka ne siriri na ƙarfen da ya daɗe bai ga mai ba. Yaya Lawal, babban wanmu, shi ya ɗaga murfin ranar da muka taru a ɗakin Baba, bayan an share makokinsa, don a fito da kayan gado. Ina riƙe da tsintsiya a bakin ƙofa na ji ƙarar, sai na nemi wuri na zauna, domin na san ta tun ban iya ɗaura zane ba. Adakar Iya ce, mahaifiyar Baba.

Da wannan ƙarar hirarmu take farawa muna yara, a gidanmu na cikin garin Daura. Idan an ci tuwo an wanke kwanuka, Iya sai ta shiga ɗaki ta buɗe adaka ta ɗauko goronta. Da mun ji kukan murfin, sai mu yi ta ture juna wajen neman wuri a gefen murhu, inda garwashi bai gama mutuwa ba. Takan fito tana jan ƙafa, ta miƙe ƙafafun kusa da toka, ta dubi Yaya Lawal ta ce, "Matsa can, mijin banza, ko cefane babu sai cin wuri." Mu yi dariya, shi ya kumbura.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Akwai guda ɗaya dai da ba ma so, domin babu aljani a cikinta, babu waƙa, ita kuwa duk kaka sai ta maimaita mana ita.

Wai an yi wasu maharba biyu aminai, ɗaya ɗan ƙasar nan, ɗaya mutumin arewa mai suna Nomau, daga wani gari mai kuka biyu a bakin rijiya. Nomau yana da wuƙa wadda babu irinta: mariƙinta ƙaho ne da zoben jan ƙarfe uku, kubenta fatar guza, a jikin ruwanta kuma akwai alama kamar sawun zabuwa. Wata shekarar yunwa aka aiko masa uwarsa ba lafiya. A lokacin masu tsaron iyaka suna ƙwace duk makamin da suka gani a jikin matafiyi, sai ya miƙa wa amininsa wuƙar ya ce, "Riƙe min, ina dawowa bayan kaka."

Kaka ta zo ta wuce. Yunwa ta yi tsanani, wani bafatake ya ce zai ba da buhun gero a kan wuƙar, maharbi ya ce ba tasa ba ce. Kura ta shigo garken awaki, wuƙar tana rataye a kansa, ya fita da taɓarya. Tasa wuƙar ta karye, matarsa ta yi wata guda tana yanka kuɓewa da ɓawon kara.

"Iya, wannan ai wawa ne," in ji Yaya Lawal.

"Kai dai ka ce wawa. Matar ma haka ta ce."

Ni kuwa abin da ke damuna daban ne. Kullum sai na tambaye ta, "Iya, shi ɗayan mene ne sunansa?"

Sai ta tauna goro ta kalli wuta. "Shi wannan ba a faɗar sunansa. Ke dai ki ce mutumin."

Sauran tatsuniyoyi tana rufe su yadda kowace tsohuwa ke rufewa. Wannan kuwa sai dai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ku tashi ku yi isha'i, bai dawo ba tukuna."

Shekaru suka tafi. Na yi sakandare, na yi aure, na haihu, Iya ta rasu, adakar ta koma ɗakin Baba. Ga shi yanzu shi ma ya bi ta. A ƙasan adakar, ƙarƙashin wani tsohon bargo, Yaya Lawal ya zaro wani abu a naɗe cikin tsumma, ya warware ya ce, "Wuƙar Kaka ce ta farauta." Kaka shi ne mijin Iya, mahaifin Baba. Daga inda nake ban ga komai ba sai baƙin kube.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, mutane sun ƙara jin tsoron cin haƙƙin gado. Malam Sani, limamin unguwarmu da zai yi mana rabo, ya ce ko allura ce sai an san darajarta kafin a raba. Ba a jima ba wani mai sayen tsofaffin kaya daga Kano ya zo ya ga wuƙar ya taya ta da tsada, har Yaya ya yi zargin ta fi haka. Shi ne ya ɗauko wani tsohon maƙeri daga Mai'adua a bayan mashin. Suka zauna a zaure, mu mata muna bayan ƙofa muna ji, ina leƙe ta tsagar ƙyaure.

Tsohon bai yi sauri ba. Ya ɗora wuƙar a kan yatsa ɗaya ya ga inda nauyinta ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa ruwan da farce ya kai kunne.

"Wannan ba ƙarfen mota ba ne," ya ce. "Tama ce, daga ƙasa aka narko ta. Masu wannan aikin sun ƙare. Kuma ba ƙirar Daura ba ce. Ka ga wannan sawun zabuwar? Maƙeran arewa ne ke buga shi, can gaba da Kongolam, ƙetaren iyaka."

Yaya ya yi murmushi, domin daraja ta hau.

Tsohon ya shafa bakin wuƙar da babban yatsa ya ce, "Amma ka ce kakanka ya yi farauta da ita? Wuƙar maharbi washi ke cinye ta, sai ta rame kamar ganyen gero. Wannan an daina gwada mata dutse tun tana da ƙuruciyarta. Mai kawai ake shafa mata."

Na ƙara kai ido tsagar ƙyauren. Na ga zoben jan ƙarfe uku. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne sunan nan da Iya ta ƙi faɗa. Iya mace ce mai baki, babu wanda ba ta kira da sunansa, har mai unguwa. Namiji ɗaya ne a duniya da mace irinta ba za ta ambaci sunansa ba ko da wasa, shi ne mijinta. Ashe ita ce matar da ta yanka kuɓewa da ɓawon kara.

Na so in yi shiru, Allah ya sani. Na gaji da makoki, na gaji da dafa wa baƙi abinci, kuma na san ɗakin Yaya yana yoyo, da rabonsa yake son ya gyara shi kafin damina. Amma idan aka sayar aka raba, har da ni da 'ya'yana za mu ci. Na yi sallama daga bayan ƙofa na faɗi abin da na sani.

"Ke Hajara, da tatsuniya za ki tsayar mana da rabo?" in ji Yaya. "Tatsuniyar da muke gyangyaɗi ana yi?"

Innarmu, da take takaba a cikin ɗaki, ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Lawal, ubanku duk kaka yana fito da ita ya goge ya mayar. Ko kaza bai taɓa yankawa da ita ba. Ban taɓa tambayarsa dalili ba."

Malam Sani ya karɓi wuƙar ya duba ta. Daga baya ya ce ajiya ba ta shiga gado, kuma tunda shakka ta shigo, a cire wuƙar a raba sauran. Yaya ya mayar da ita kubenta, ya turo ta ta ƙarƙashin ƙofa ya ce, "To ki riƙe, tunda ke kika ji." Shekara uku ke nan. Muna gaisawa, yana zuwa suna da biki, amma bai ƙara zama ya sha ruwa a ɗakina ba.

Da can na ɗauka Iya tana koya mana riƙon amana ne kawai, irin wanda ake yabo. Yanzu ina ganin gajiya ce take sauke mana kaɗan kaɗan. Mijinta ya mutu ya bar mata kayan wani, ita ta tsufa, ba ta san wa za ta miƙa wa ba, sai ta mayar da shi labari ko wani a cikinmu zai ɗauka. Mu shida ne a gefen murhun nan, ni ce ya faɗo wa. Wani lokaci bayan na idar da salla nakan tuna cewa Nomau ya daɗe a ƙasa, kuma wataƙila jikokinsa ba su ma san an taɓa yin wata wuƙa ba. Sai in yi masa addu'a, in yi wa Kaka.

Rannan da yamma, ba wuta, muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, na ba ƙaramar 'yata Walida labarin daga farko har ƙarshe, har da sunan Kaka, tunda ni babu abin da ya hana ni faɗa. Shekararta bakwai. Na gaya mata yadda Kaka ya jira, Iya ta jira, Baba ya jira, ga shi ni ma ina jira. Ta yi ta wasa da bakin mayafina, sannan ta ɗago kai.

"Umma, to ba wanda ya taɓa zuwa ya kai musu?"