Ranar da Yatsa Ya Faɗi Sunan Ɗan Fari

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, wannan rana ta Rano ba za ta bi shi ba.

Zamanin da rediyo ba ta da zance sai Shari'a da zaɓe ne. Yanar ido ta fara rufe mini gani, har an sa ranar yi mini aiki a Kano. Tsorona ɗaya: kar in tashi ban ƙara gani ba, ga fuskar mai gidana, marigayi Malam, ta fara dishe mini a zuci. Hotonsa guda ne a duniya, yana cikin kwamfutar shagon ɗana na fari, shi kuwa yana Makka.

Na taso daga Tarai zuwa Rano, na tarar da matarsa tana tsaron shagon, na ce ta buɗe mini hoton. Ta danna, ta danna, abu ya ƙi.

"Inna, wai ba ni da izini, ɗakinsa ne a ciki. Amma ya bar mini kalma, sudo. In na fara da ita na ambaci sunansa, za ta ji maganata kamar shi ne."

"Wakili ke nan, irin na ɗaurin aure. To ambace shi mana, 'yar nan!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "A gabanki, Inna? Ke kika haife shi, ki faɗa."

"Ɗan farin? Allah ya tsari bakina!"

Muka tuntsire da dariya, har mai shayin maƙwabta ya leƙo. Can ta zaro hannu ɗaya daga mayafi, ta ƙwanƙwasa sunan. Ashe yatsa ba ya jin kunya! Sai ga Malam, hula a karkace, yana murmushi. Na matsa har hancina ya taɓa gilashi, ina dariya, hawaye na zuba.

A gefensa kuwa ga ni, baki wangame, ina hamma.

"Ce wa Sudon nan ya goge ni!"

Ta gwada. "Ya ƙi, Inna. Nunawa da bugawa kaɗai aka yarje mini. Wai ma zai kai ƙara."

Ya kuwa kai. Alhaji na dawowa, idona ya warke tas, ya durƙusa ya ce, "Inna, wa ya so goge mini ke?"

Daga ranar na san cewa wanda aka ara wa baki, iyakarsa inda mai bakin ya tsaida shi. Hoton na nan a bangona, da hammar da komai.