Robar Ƙofar Motar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin. A gareji Sai-na-gani suke ce masa, kuma yana amsawa. A tuƙi ya tsufa. Yana da wata tsohuwar jif mai shiga daji, da ita yake kai masu haƙar rijiya da kayansu ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa zuwa. Motar ta girme ni. Robar da ta zagaye ƙofofinta ta bushe ta tsattsage, iska na shiga tana fito, in ana ruwa kuma a gwiwarka yake sauka.

Da shekaru suka ja, 'ya'yansa suka fara cewa Baba ba ya jin hon, ya kamata ya ajiye makulli. Kawu ya ce makirci ne. Wai babban ɗansa so yake ya sayar da motar, matarsa kuma so take ta same shi a gida ta riƙa aikensa.

"Kunnena ras yake," in ji shi. "Ƙofofin nan ne. Wa zai ji hon cikin wannan fito da kwaramniya?"

Ɗan ya ce to, a sake robar a gani. Wannan saurin yarda shi ya ƙara ɗaga wa Kawu hankali. Ya ƙi mai robar da ɗan ya nuna, ya ƙi wanda na nuna, ya zaɓi wani can bayan layin masu walda da ya tabbata babu wanda ya san shi a cikinmu. Ni kuma ya ɗauke ni shaida. Raina ya ɓaci, don ranar hutuna ce, amma wa ya isa ya ce wa Kawu a'a?

Mai roba ya ga ta kansa. Da ya warware sabuwar robar, Kawu ya karɓa ya shinshina, ya matsa da farce, ya tambaye shi ko wani ya kira shi a waya jiya. Da aka ɓare tsohuwar, ya tattara guntayen ya zuba a buhu, kada a faki idonsa a mayar. Ya sa aka kankare tsohon gam har ƙarfe ya fito. Aka shafa sabo, mai roba ya tsaya jiran ya sha iska.

"Me kake jira?"

"Baba, sai ya yi danƙo tukuna."

"Na sani. Gwada ka nake."

Daga kusurwar sama mutumin ya fara, yana dannawa da babban yatsa yana gangarowa, Kawu na numfashi a ƙeyarsa yana faɗin kada ya ja ta, in an ja roba daga baya tsukewa take. Da aka gama sai Kawu ya yagi takarda, ya rufe ƙofa a kanta, ya ja. Ta ƙi fita. Haka ya bi ƙofofin gefe-gefe yana neman inda aka cuce shi. Bai samu ba, kuma na ga bai ji daɗin hakan ba.

Muka hau babban titi, Kawu na tuƙi. Tun da nake ban taɓa jin cikin motar nan tsit haka ba. Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"To yanzu sai su nemi wata ƙaryar," ya ce.

Bai rufe baki ba wata babbar mota ta taho bayanmu tana danna hon, irin mai girgiza ciki. Ta danna, ta sake dannawa. Na saci kallon Kawu. Yana tsakiyar titi abinsa, yana ba ni labarin wata rijiya da ta rufta. Sai da direban ya sami hanya ya wuce ta gefenmu, ya leƙo yana ɗaga hannu yana zazzaga masifa, sannan Kawu ya firgita ya kauce.

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya daɗe yana bin sabuwar robar da yatsa, daga sama har ƙasa.

"Ya yi hon?"

"Ya yi, Kawu."

"Ɗaga murya."

"Na ce ya yi! Tun daga nesa!"

Ya zuba min ido, irin kallon da yake yi wa makanikai.

"Kai ma sun saye ka?"

Tausayinsa ya kama ni. Bai sake tambaya ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar makullin a jiki, ya zagayo ɓangarena ya tsaya har na matsa kujerar direba.

"Ka ja a hankali," ya ce da ya zauna. "Giya ta biyu sai ka lallaɓa ta."