Godiyar Baba Rufe

Duk wanda ya bi ta layin bayan firamare a Narayi da hantsi zai ga wani dattijo zaune a rumfar mota wadda babu mota a cikinta, rediyo a kan cinyarsa. Shi ne Albert Didam. 'Yan unguwa har yanzu Honorabul suke ce masa, ko da yake ya daɗe da barin majalisar dokokin jiha.

Asalinsa malamin makaranta ne. Daga ƙauyensu a kudancin jihar ya zo Kaduna yana saurayi, ya koyar da lissafi a Kakuri tun masaƙu na aiki. Iyayen yara ne suka tura shi takarar kansila, daga nan ya wuce majalisa, ya yi zango biyu. Mai ra'ayin riƙau ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana so yara su durƙusa su gaida manya, a daina mai da jana'iza biki, a bar malami da bulalarsa. Ƙudirin da aka fi saninsa da shi shi ne na rufe gidajen giya da na burukutu ranar Lahadi har sai an tashi daga coci. Ƙudirin bai wuce kwamiti ba, amma a Sabon Tasha ba a manta ba. Matan da ke dafa burukutu suka raɗa masa Baba Rufe, sunan ya bi shi.

Da guguwar sauya sheƙa ta zo, abokansa suka tafi, shi ya ce ba zai bar jam'iyyar da ya yi wa rantsuwa ba. Ita kuwa jam'iyyar, a zaɓen fid da gwani, ta ba wani matashi tuta. Wayarsa ta rage ƙara, ta koma shiru. Ya sayar da motar. Bayan nan matarsa Rhoda ta rasu. 'Yarsu Vicky ma'aikaciyar jinya ce a Fatakwal, takan kira shi ranar Lahadi da yamma.

Bara aka yi masa aiki a ido, ya warke, kuma ya cika saba'in. Sai ya ce zai fita godiya a coci.

A cocinsu, in an zo godiya, akan kira sunan mutum, mawaƙa su ɗauki waƙa, shi kuma ya taso daga ƙofa yana taka rawa zuwa bagadi, can gaba inda Fasto yake, dangi da masoya na biye da shi da baikonsu, wato kyautar da za su miƙa wa coci. Lokacin da yake majalisa, in ya isa gaban Fasto, ƙarshen layin yana can waje tukuna. Rhoda na gefensa, Zumuntar Mata na baya da zannuwansu iri ɗaya, suna buga tulu suna guɗa. Abin da yake so ya sake gani ke nan, ko da sau ɗaya: ya waiwaya ya tarar da mutane a bayansa.

Ya je ya ba magatakardan ikilisiya, Timothy, sunansa.

"Baba, ka sanar da mutane kuwa?" in ji Timothy.

"Waɗanne mutane? Ba kai za ka karanta a sanarwa ba?"

"Zan karanta. Amma dai Mama Rhoda takan..."

"Timothy, a aji uku na koyar da kai. Akwai wanda bai san ni ba a cocin nan?"

Timothy ya ce babu, ya rubuta.

Albert ya ɗauko hayar rumfa da kujeru aka jera a tsakar gida, ya sa aka dafa shinkafa, aka kawo lemo. Ranar Lahadi ya sa farar babbar rigar da ya yi rantsuwar kama aiki da ita, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa, ya hau Keke Napep zuwa coci.

Godiya biyu aka yi kafin tasa. Wani makanike da ya sami ɗa namiji ya cika hanya da 'yan garinsu. Wata yarinya da ta gama jami'a ta ja rabin matasa. Sannan Timothy ya ce, "Honorabul Albert Didam, tare da iyali da abokan arziki."

Mawaƙa suka ɗauka. Albert ya tako daga ƙofa a hankali, yana kaɗa farin hankici. Mutane na tafa masa daga inda suke zaune, wasu na murmushi, wasu na kallon na kusa da su. Ya wuce bencin matasa, ya wuce na dattawa inda tsofaffin deliget ɗinsa suke. Babu wanda ya tashi. Bai waiwaya ba, domin kunnensa ya riga ya gaya masa: takun takalminsa kaɗai yake ji. Hanyar da ya sani gajeriya ta yi masa tsawo, ƙafarsa ta manta rawar, ya koma tafiya kawai.

Ya kusa tsakiya sai ya ji guɗa a bayansa, ta murya ɗaya, mai kaushi. Ya juya. Mama Irene ce, mai gidan burukutu a Sabon Tasha, wadda ta taɓa jagorantar mata da tukwane zuwa ƙofar gidansa saboda ƙudirin nan. Tana tafe tana juya ƙugu, jakarta a hammata.

"Ka taka mana, Baba Rufe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba majalisa za ka shiga ba."

Su biyu suka durƙusa a gaban bagadi. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, kamar yana so ya cika wurin da ita.

Bayan an tashi daga coci ya same ta a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

"Na gode, Irene."

"Ba don kai na yi ba, Honorabul. Ranar da na fita godiyar ɗana, kowa ya zauna saboda sana'ata. Mama Rhoda ce ta tashi." Ta dube shi. "Kai kuma wa ka gayyata?"

"An yi sanarwa."

"Sanarwa! Kana tsammani da sanarwa layin nan yake cika? Matarka ce take bin Zumunta ranar Talata, ta bi mawaƙa, ta bi taron 'yan garinku, ta shiga gida-gida da ƙafarta. Wanda ya bi ka bagadi gidanka zai ci abinci. Wa zai tashi ba a kira shi ba, a ce shinkafa ya biyo?"

Albert ya tuna yammacin da Rhoda ke dawowa tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, shi yana karanta jarida, bai taɓa tambayarta daga ina take ba.

"To ki zo gida, akwai abinci."

"Yanzu kake gayyata? Ina da masu jira." Ta tsai da keke, ta yi dariya. "An tashi coci ai, ko kai ba ka hana a buɗe yanzu ba."

A gida ya tarar da kujerun a jere, kulolin shinkafa a rufe. Ya cire babbar rigar ya rataye a bayan kujera, ya zauna a layin gaba. Da yamma Vicky ta kira.

"Baba, yaya godiya? Mutane sun fito?"

"Mutum ɗaya."

"Ɗaya? Wa?"

"Wata ƙawar mamarki," ya ce. Ya daɗe yana kallon kujerun, sannan ya ce, "Vicky, dama kin san inda take zuwa duk ranar Talata?"