Sunan da Sha'aibu Baduku Bai Faɗa Ba

Sha'aibu baduku ya zo Bangi, birnin da ke hannun Faransa, daga Kano da basillarsa da wata takarda mai tambarin Sarkin Ingila. Ya zauna a unguwar Kilomita Biyar yana ɗinka takalma da kube. Bai iya karanta takardar ba, amma ya san abin da ta ƙunsa: shi talakan Ingila ne, Faransa ba ta da ikon saka shi soja, ko shi ko 'ya'yansa.

Yana da ɗan fari, Abdulgani. Saboda alkunya bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa cewa ɗansa ne a gaban mutane ba. Da aka yaye yaron, kawunsa Mahaman, mutumin Damagaram da ke zaune a unguwar, ya ɗauke shi riƙo. Masu ƙidaya suka rubuta shi a gidan Mahaman. Damagaram kuwa ƙasar Faransa ce.

A 1941 aka zo ɗibar soja. Faransawan Bangi da Ingilishi sun haɗa kai a yaƙi, abin da bai rage musu ƙin juna ba ko kaɗan. Wata safiya Hureira, matar Sha'aibu, ta faɗo rumfarsa ba mayafi.

"Malam, tashi! Sun sa yaron nan a layi!"

Ya ɗauki takardar ya ruga. Ƙarƙashin mangwaro ya tarar da tebur, da saje Bafaranshe, da tafinta ɗan bakin kogi wanda ya tsinci Hausarsa a kasuwa. Samari sun jeru ba riguna, Abdulgani na huɗu. Dattawan unguwa na tsaye a gefe.

Sha'aibu ya rusuna, ya fito da Turancin da ya adana tun daga tashar jirgin Kano.

"Gud monin, sa."

Fuskar sajen ta yi ja. Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce tun safe kowa a unguwar nan ya zama ɗan Ingila," in ji tafinta. "Ya ce wanne ne naka?"

Sha'aibu ya yi nuni da haɓa. "Yaron can."

"Ɗanka ne? Faɗi sunansa."

Ya dubi dattawa, ya dubi ƙasa.

"Faɗi mana, Sha'aibu!" Mahaman ya daka tsawa. "Yau ranar kunya ce?"

Bakin Sha'aibu ya buɗe, abin da ya saba faɗa shekara ashirin ya fito da kansa: "Ai ɗan Mahaman ne. A gidansa ya tashi."

Tafinta ya fassara daidai, bai rage komai ba. Sajen ya mayar da takardar cikin ladabi, ya ce na biyar ya matso. Dattawa suka taso da bayani, aka kore su da bulala.

Ranar da jirgin ruwa zai tashi da samarin, Sha'aibu ya je bakin kogi da takalma sababbi, waɗanda ya yanka ba tare da ya gwada ƙafar ba. Sandar ɗan doka ta tsayar da shi nesa. A nan ya kira sunan, sau uku, da iyakar muryarsa. Injin jirgi ya fi shi ƙarfi.

Ya ƙara shekara goma sha shida a duniya. Duk sojan da ya dawo, sai ya tare shi a hanya: "Ka ga ɗana Abdulgani?" Babu wanda ya gan shi. Mutanen unguwa suka riƙa cewa tsufa ya cire wa Sha'aibu kunya.