Kawu Bawa da Kifin Hannun Ustaz

Duk faɗin Jidda, mutum ɗaya ne tak ya taɓa zaunar da Kawu Bawa Wanzam da ƙarfin magana, kuma shi ne yake ba ku labarin nan. Ni, Sale Mai Gyaran Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ku yi dariyarku, akwai shaidu.

Kun dai san Kawu ba ya zama. Shayi ma a tafe yake sha: ya karɓa a ƙofar shagona a Karantina, ya shanye a Sa'alaba, kofin kuwa sai wani ya tsinto min shi a Waziriyya. Ko tahiya yake yi, gwiwarsa rawa take kamar tana jiran a yi sallama ta gudu. In ka ce, "Kawu, ga kujera," sai ya harare ka.

"Zama na mai iƙama ne, mai takardar zaman ƙasa. Wanda ba shi da takarda, ƙafarsa ce kafilinsa, ita ke tsaya masa."

Ga zabira a hammata, ga fuskar nan ta Bagobiri, tsaga shida a wannan kunci, bakwai a wancan, daga gefen baki har kunne. Ran da jawazat, 'yan sandan shige da fice, suka tare shi a bakin titi, ɗan sandan ya ce, "Fen iƙama, ya haj?" Kawu ya buga yatsa a kunci.

"Hada iƙama. Ba ta ƙarewa, ba a sabuntawa, ɓarawo ba ya sacewa."

Ɗan sandan ya yi dariya har ya jingina da mota, ya ce yalla, tafi. Ba kullum ake dacewa ba dai. Sau biyu aka kwashe shi zuwa gida, sau biyun kuma, wallahi, ya riga jakarsa dawowa.

To, waɗanda suka zauna unguwarmu a shekarun casa'in za su tuna makarantar saman soro. 'Ya'yanmu ba su da takarda, makarantar hukuma ba ta san da zamansu ba. Sai muka haɗa kai muka kafa rumfar kwano a saman wani gida, muka shiga neman malami. Wanda ya iya Larabci bai iya lissafi ba, wanda ya iya lissafi yana jin ƙarar mota ya dirga ta bayan gida. Muna cikin haka Allah ya kawo Ustaz Haruna, mutumin Yawuri, mai sanyin murya, ga Larabci, ga boko, ga haƙuri. 'Yata Zainabu, wadda a da ba ta bambanta alif da tsinken tsintsiya, kafin azumi ta fara karanta min allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya har na roƙe ta ta bari.

Abu ɗaya ne. A bayan hannun Ustaz na dama akwai jarfa, abin da Larabawa ke kira washm: kifi shuɗi-shuɗi, da ɗan rubutu siriri a ƙarƙashinsa. In ya ɗaga alli zai yi rubutu a allo, sai ka rantse kifin iyo yake yi.

Ranar da abin ya fashe ina durƙushe gaban Kawu, ya aske min rabin kai. Sai ga jikansa Majid ya dawo daga makaranta, ya miƙo hannu zai gaishe shi. Aska ta tsaya cak.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Samaka ce, ya jaddi. Irin ta Ustaz. Da biro na zana."

"Samakar gidanku!"

Ya ce min, "Riƙe nan, ina zuwa." Na riƙe. Ranar da rabin kai na yi sallar La'asar, yaran unguwa suna bina suna tambayar ko sabon yayi ne.

Kawu ya haye matakalar nan bibbiyu, ya tsaya a bakin rumfa yana haki.

"Malam, me ka zo koya wa yaranmu, karatu ko kamun kifi?"

Ustaz ya sauke hannu ya ce, "Baba, aikin ƙuruciya ne. Na tuba tun da daɗewa."

"Kai ka tuba, kifin bai tuba ba. Ga shi nan yana kallona."

Aka yi sulhu a kan Ustaz zai riƙa rufe hannun. Kawu da kansa ya samo masa safar hannu, ta ulu, a Jidda, a watan da kwalta ke narkewa. Bawan Allah ya sa. Alli na suɓucewa, gumi na ɗiga ta gwiwar hannu. Kafin mako ya zagayo, babu safar ƙafa ko ɗaya a gidajen Karantina. Duk suna hannun yara. Ni kaina da safa ɗaya na je ɗaurin aure.

Kawu ya ce to a cire safa, a manna filasta. Aka manna. Washegari yara suka hau soro kowa da filasta a bayan hannu kamar an fito daga yaƙi. Mai saidaliyya, wato kantin magani, ya tare ni yana tambaya wace annoba ce ta shigo unguwa da ba a gaya masa ba.

Daga nan Kawu ya koma magani. Lemon tsami da kanwa. Gishiri da toka. Ustaz ya shafa don kunya, hannu ya yi ja ya kumbura, kifi kuwa sai ƙara ƙiba ya yi. Ƙarshe Kawu ya fito da aska yana wasa ta a tafin hannu.

"Kawo nan. Yanzu na fere shi kamar rogo."

Tun daga ranar, in Ustaz ya hango zabira a wannan layi, sai ya bi wancan.

Ganin haka Kawu ya shiga gida gida. Wanda bai san da kifin ba ya sani, wanda ya sani ya ji tsoro. Unguwa ta rabu. Wasu suka ce malami madubi ne, abin da yaro ya gani a jikinsa shi zai ɗauka halal. Yau biro, gobe allura. Wasu suka ce abin da ya wuce ya wuce, tuba tana shafe wanda ya fi wannan. Matata Hajara ta ce ita ko kada ne a hannunsa, muddin Zainabu na karatu, ya yi ta iyo. Wata tsohuwa mai jarfa a haɓa tun tana budurwa ta ja lulluɓi ta rufe baki, ta ce ita ba ta da ta cewa.

Na samu Kawu, ina bin sa da sauri don ba ya tsayawa, na ce, "Kawu, don Allah kai fa? Fuskarka kamar an yi huɗar gero."

"Rufe min baki. Tawa tsagar ranar suna aka yi min, ba a yi shawara da ni ba."

"To jariran da kai ka tsaga a gida fa?"

"Su ma ba a yi shawara da su ba. Ka ga babu mai laifi ke nan."

Dariya muke yi yanzu, amma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba. In Ustaz ya tafi, makaranta ta tafi. Babu wani da zai hau soron nan cikin zafi yana kasada da jawazat saboda 'ya'yan wasu. Yaran za su koma bin layi, Zainabu ta koma wanke-wanke a gidan Larabawa da rabin karatu a kai. Yarinyar ta daina cin abinci, kullum tambaya take, "Baba, da gaske za a kore shi?"

Aka sa taron iyaye ranar Alhamis bayan La'asar, a saman soron. Ustaz yana gefe yana jera littattafansa a kwali, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Kawu na kai da komowa daga wannan bango zuwa wancan.

Nan fa na miƙe. Jama'a, na yi magana! Na faro daga darajar ilimi, na bi ta kan haƙƙin malami, na ratsa ta tarihin zuwan kakanninmu da ƙafa ta Sudan, na kawo misali da mukayyif: in yana ba da sanyi, wa ya damu da tsatsar jikinsa? Ban kai tsakiya ba sai na ga abin da ido bai taɓa gani ba. Kawu ya ja bencin yara, ya zauna. Ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido. Na ce a raina, Sale, ka kashe maciji. Na ƙara murya.

Da na gama, sai Abu Nayif ya tashi. Kun san shi, haifaffen Jidda, wanda takardarsa ta mutu tare da kafilinsa, Hausarsa kuma rabi da rabi.

"Ya jama'a, kalam ya yi yawa. Washm haram, halas. Mu nan aka haife mu, mun gaji a riƙa nuna mu da yatsa. Duk wanda ya canza halitta, washm ne, wannan yanke-yanken fuska ne, kullu wahid. Kada ya tsaya gaban awlad."

Ido ɗaya na Kawu ya buɗe. Sannan ɗayan. Bai ko kalli Abu Nayif ba, ya miƙe ya nufi Ustaz.

"Kafin ka tafi, gaya min. Wane wanzamin banza ne ya yi maka wannan aiki? Wutsiyar ma a karkace take."

Ustaz ya ce ba wanzami ba ne, wani mai dafa abinci ne a jirgin ruwa. Yana saurayi ya yi aikin jirgin kaya daga Bur Sudan. Wani abokinsa ya faɗa teku, ruwa ya kai gawarsa wata gaɓa inda ba a san shi ba. Babu takarda a jikinsa, babu mai cewa ga sunansa ko addininsa. Sai daga baya suka ji an haƙa rami an tura shi, ba wanka, ba salla.

"A makon nan duk muka miƙa hannu aka rubuta mana, Baba. Jahilci ne, na sani. Amma tsoro ne ya sa."

Kawu ya kama hannun, ya kai shi kusa da ido, ya juya. Shi ba ya karatu. Ya waiga, ya hango Zainabu tana leƙe daga matakala.

"Ke, zo nan. Me aka rubuta?"

Ta matso, ta bi da yatsa: "Haruna. Musulmi. Yawuri."

Kawu ya shafa kuncinsa a hankali.

"Ashe tsaga ce."

Ya juyo gare mu. "Kun san abin da ya sa aka tsaga mu? Don in yaƙi ya watsa gari, ko an sace yaro, duk inda ya faɗa a ce wannan namu ne. Wannan ba ado ya yi ba, gudun ɓata ya yi. Haramcin kuwa ya ce ya tuba, tsakaninsa da Ubangijinsa. Mai korar sa ya fara da fuskata."

Abu Nayif ya ce, "Ya ammi, esh hada? Kai ne fa ka tara mu!"

"Ni na tara ku, ni na watsa ku. Yalla. Malam, zazzage kwalin nan."

Kada ku ɗauka ya sauka daga ra'ayinsa. Ina! Tun daga ranar, kullum da safe yana gindin matakala da soso da sabulu, yana duba hannun yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kama da kifin biro sai ya ji a fatarsa.

"Kifi na wanda ya shiga teku ne. Kai ko kwatami ba ka tsallaka ba."

Abu Nayif ya cire ɗansa daga makarantar, ya dawo da shi bayan Babbar Salla. Zainabu ta yi karatunta. Yau ita ke koya wa 'ya'yan wasu.

Kawu a tafe ya rasu, kamar yadda kowa ya zata. Ya faɗi a bakin titi wajen Waziriyya, babu ko guntun takarda a aljihunsa, motar asibiti ta ɗauke shi. Muka bazu muna nema, sunansa bai amfane mu da komai ba, don babu inda aka rubuta shi. Ustaz ne ya bi asibitoci yana zana layi a kuncinsa da yatsa, yana cewa, "Tsoho, shida nan, bakwai nan." Wani mai shara ya ce ya gan shi. Iƙamar da muke wa dariya, ita ta dawo mana da shi. Kuma hannun nan mai kifi, shi ya yi masa wanka.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa. Ya yafe masa abin da askarsa ta yanka da abin da bakinsa ya yanka. Ƙafar nan da ba ta huta ba, Allah ya ba ta wurin zama mai sanyi inda ba a tambayar kowa takarda.

Ranar sadakar uku na ba da labarin nan a tsakar gida, har na kai inda na zaunar da shi. Matarsa, Inna Kulu, ta share hawaye da gefen mayafi ta dube ni.

"Allah sarki, Sale. Ai ya sha faɗa min. Ya ce tun da ya zo Jidda bai taɓa samun barci mai daɗi irin na ranar da ka yi jawabin nan ba."