Na Sama Ya Sauko Daga Tsani

Kafin rana ta ɗumama kwanon rufi, Na Sama ya riga ya hau. Haka maƙwabta suka san shi shekara da shekaru: ya fito da sassafe, guduma a ƙugu, ƙusoshi a aljihun tsohuwar riga, ya jingina tsani, ya girgiza shi, sannan ya taka. Daga nan sunan ya samo asali. Duk wanda ya zo nemansa gida, amsa ɗaya uwargidansa take bayarwa: "Yana sama." A wannan watan likita ya ce gwiwarsa ta gama hawa, kafintan rufin ya sauko ke nan.

Masu buga kwano suna da yawa. Abin da ya bambanta shi, yadda yake taya mutum zaɓen kamfanin da zai sayi kwanon. Ba ya kai kowa shago, inda sabon kwano yake ƙyalli kowanne kamar ɗan'uwansa. Zagaye yake yi da mai gini zuwa gidajen da aka rufa da kayan kamfanoni daban-daban, waɗanda suka sha damina suka sha rana. In an yi sallama, ba maigida yake nema ba.

"Maigida zai ce lafiya lau, don kada a ce an cuce shi," in ji shi. "Matar gida ita ta san kusurwar da take janye katifa."

Magina da suka yi aiki tare da shi sun shaida cewa kamfanoni sun sha aiko masa da hula da riga masu tambarinsu. Rigunan yana goge hannu da su.

Jarrabawar da ta fi kowacce tsanani daga cikin gidansa ta fito. Mijin autarsa ya daɗe ba aikin yi, sai ya samu shiga wani sabon kamfanin kwano a matsayin mai nemo masu saye, kuma zamansa a wurin ya dogara da yawan mutanen da ya kawo. Kowa a gidan ya ɗauka an gama. Uwargida ma ta faɗa a fili: "Malam, bakinka kawai yaron nan yake bukata."

A daidai lokacin wata mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da ginin da ya tsaya a linta, ta zo neman shawara. Na Sama ya ce wa surukin ya zo su zaga tare, ya nuna musu gidan da aka rufa da kayan kamfaninsu. Surukin ya zo da murna, har da sabuwar riga.

Daga nesa rufin ya yi kyau, shuɗi mai ɗaukar ido. Matar gidan ta fito tana share hannu da zane.

"Baba, yoyo dai bai fara ba tukuna," ta ce. "Amma ruwan indararo mun daina tara. Na jiƙa fararen kayan makarantar yara a ciki, suka fito kalar rufin. Malaminsu ya ce ko sun canja makaranta ne."

Mai ɗinki ta yi dariya. Surukin bai yi ba. Na Sama ya ari tsani ya hau, ya goga babban yatsa a jikin kwanon, fenti ya biyo shi. Kewayen kowace ƙusa tsatsa ta yi zobe, ga shi damina ɗaya kacal rufin ya gani. Ya daɗe a saman fiye da yadda aikin yake bukata. Yana hango surukin a ƙasa, a zuci kuma yana hango autarsa da tsohon ciki a ɗakin haya, kuma ya san abin da zai faɗa in ya sauko.

Mai ɗinkin ta so ta sauƙaƙa masa. "Baba, ai ɗanka ne. In ka ce in saya a wurinsa, wallahi zan saya."

"Ɗana ne," ya ce. "Amma ke da marayu za ku kwana a ƙarƙashinsa. Kada ki saya."

Ya juya ga surukin, ya nuna masa yatsan. "Ka kai wa masu gidanku wannan. In sun gyara, ni da kaina zan kawo musu mutane."

Ba su gyara ba, surukin kuma bai daɗe a wurin ba. Auta ta ɗauke ƙafa daga gidan mahaifinta. Da ta haihu, a bakin uwargida ya ji, ya je ya ga jikan, aka gaisa sama-sama. Uwargida ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana, ranar da ta buɗe baki kuwa cewa ta yi: "Ka rufe ɗakin kowa a garin nan, na 'yarka ka bar shi a buɗe."

Bai yi musu ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba. Abin da ya yi, wanda uwargidan ce ta ba da labarinsa daga baya, shi ne ya sa rigarsa mai kyau ya tafi tsohon kamfanin da ya fi amincewa da kayansu, ya roƙa wa surukin aiki. Bai taɓa roƙonsu komai ba. Suka karɓe shi da girmamawa, suka ba shi ruwa mai sanyi, suka ce babu gurbi. Ya dawo gida ya cire rigar. Surukin daga baya ya samu aikin tuƙa motar dakon siminti, da ƙoƙarin kansa.

Kai ne, Na Sama, wanda ya san gaskiyar za ta taɓa tukunyar 'yarsa, ya faɗe ta duk da haka. Kai ne ka rufa ɗakin mai ɗinkin da kwanon da ka yarda da shi, kuma ta shaida cewa daminar bana ta wuce ba ta matsar da keken ɗinkinta daga inda yake ba. Ba a ba ka lambar yabo ba, ba ka kuma nema ba.

Makon jiya yana zaune a ƙofar gida yana raba kayan aikinsa ga kafintocin da ya koya wa sana'a, sai ga Auta da goyo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gyara zanen goyon.

"Baba, mun samu ɗan fili, ginin ya kai linta. Shi ya aiko ni, kunya ta hana shi zuwa. Ya ce ba zai sayi kwano ba sai ka gani."

"Ai na daina hawa," ya ce.

"Wa ya ce ka hau? Kujera za mu ajiye maka a inuwa, ka zauna kana yi wa mutane faɗa, tunda shi ka fi iyawa."

Ya miƙa hannu ta kwanto masa jikan. Zarton da yake shirin bayarwa ya mayar da shi cikin akwati.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba gwiwar lafiya, Ya sa ka ga an buga ƙusar ƙarshe a ɗakin Auta. Ga matasan da suka gaji tsaninka kuwa, wata rana wani zai tsaya a ƙasa yana jiran ku ce saya ko kada ka saya, kuma mai kayan zai kasance naku ne. Ranar, ku faɗi abin da kuka gani a sama.